Rigar da Ba Ta Rufe Jiki: Nasiha Kan Adon Cikin Waya

Godiya ta tabbata ga Allah da ya suturta mu bayan mun zo duniya ba ko ƙyalle a jikinmu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. 

Nasiharmu ta wannan Juma'a a kan tufafi take, amma ba shadda ba, ba atamfa ko leshi ba. Wata irin tufa ce da ba a auna ta da yadi, tela bai taɓa ɗora ta a keke ba, ba ta maganin sanyin hunturu, amma kuɗi na gaske ake fitarwa a saye ta.

Da yawanmu a wannan masallaci mun baro iyali a Bauchi, a unguwar Ɗan Iya da maƙwabtanta, mun yi tafiyar da ta haura kilomita 1,000 zuwa Legas neman halal. Wani yana kan buhunan albasa a Mile 12 tun kafin asuba, wani yana cikin raguna a Alaba Rago, wani yana shago a Agege. In wata ya yi a tura na cefane, a tura na makaranta. To yanzu wani irin koke ne yake yawan zuwa daga gida: uwa ta ga alat an cire kuɗi daga asusunta, ba ta sayi komai ba. A yi ta zargin ɓarayin intanet, ƙarshe a gano yaron gida ne. Me ya saya? Ya saya wa mutum-mutuminsa na cikin gem riga da takalmi da sarƙa.

Bari mu fara sanin abin

Ba a yanke hukunci a kan abin da ba a sani ba, don haka ga yadda lamarin yake. Wasannin da yaranmu suka fi bugawa a waya, irin su Free Fire na kamfanin Garena da ya fito a 2017, da PUBG Mobile da ya fito a 2018, da Roblox da ke nan tun 2006, duk kyauta ake sauke su. A ciki kowane yaro yana da ɗan mutum-mutumi da ke wakiltarsa, shi ne sauran 'yan wasa suke gani. Ana ba ka shi da kaya marasa fasali. In kana son ya yi kyau, sai ka saya masa riga, hula, tabarau, sarƙar wuya, kitso, har da salon tafiya da rawa. Yara suna kiran waɗannan kaya sikin.

Kuma ba da naira ake saye kai tsaye ba. Sai ka fara canza nairarka zuwa kuɗin gidan: dayamon a Free Fire, UC a PUBG, Robux a Roblox. 'Yan canjin da ke cikinmu sun riga sun gane hikimar. In aka ce wa yaro riga dayamon kaza ce, ba ya jin zafin kuɗin kamar in ya ƙirga takardun naira da hannunsa. Sannan sau da yawa ƙunshin da ake sayarwa ba ya yin daidai da farashin kayan, sai ɗan canji ya rage maka wanda ba ya sayen komai sai ka ƙara. Ka ji fa, wasan ne kyauta, ado shi ne hajar.

Kada wani ya ɗauka ƙaramin ciniki ne. A watan Mayu na 2021 kamfanin Gucci ya sayar da hoton wata jakarsa ta mata a cikin Roblox a kan Robux 475, kimanin dala 6. Da 'yan wasa suka fara sayar wa juna, sai da aka sayi guda a kan Robux 350,000, wato sama da dala 4,000. Jakar gaske, wadda mace za ta rataya ta zuba kayanta, kimanin dala 3,400 ake sayar da ita a lokacin. Inuwa ta fi mai ita tsada, jama'a.

Ado ba laifi ba ne

Kada a ji wannan a ce addini yana gaba da ado. A'a. A Suratul A'araf Allah ya lissafa tufafi cikin ni'imominsa, ya ambaci na rufe tsiraici da na ƙawa, ya umarce mu da yin ado idan za mu masallaci, ya kuma yi inkari ga mai haramta adon da ya fitar wa bayinsa. A hadisin da Muslim ya ruwaito, da wani sahabi ya ji tsoron ko son kyakkyawar riga da takalmi girman kai ne, Annabi (SAW) ya kwantar masa da hankali cewa Allah yana son kyau, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane.

Mu mutanen Bauchi ma mun san daɗin ado. Wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah a ƙofar fada ya ga rawuna da alkyabba da dawakai cikin kayan ƙawa. Kowa ya san yadda teloli suke kwana a kan keke a goman ƙarshe na azumi, da yadda yaro yake kasa barci daren Sallah saboda sabuwar rigarsa. Kuma kowa ya san fuskar yaron da ba a yi wa ɗinki ba, yadda yake maƙalewa a zaure ya ƙi fita.

Ku riƙe wannan fuskar, domin ita ce makullin zancen. A cikin gem, yaron da bai sayi kaya ba abokansa suna yi masa dariya, suna ce masa bot, wato ba ka san komai ba, ba ka da komai. A wajensa kullum ranar Sallah ce, kuma kullum shi ne ba a yi wa ɗinki ba. Abin da yake nema ba riga ba ce, so yake a gan shi, a ƙidaya shi cikin mutane. Uban da bai gane wannan ba zai yi ta faɗa a waya har katinsa ya ƙare, maganar ba ta shiga ba.

Amma ayoyin da suka halatta ado su ne suka hana ɓarna, su ne kuma suka ce tufar taƙawa ta fi kowace tufa. Don haka mu auna wannan haja kamar yadda muke auna kowace haja a kasuwa, da tambayoyi uku.

Tambaya ta farko: kuɗin wa?

In yaro ya ɗauki wayar mahaifiyarsa, ya san lambar sirrinta, ya cire kuɗi ba da saninta ba, sunan wannan abu bai canza ba don an yi shi da yatsa a kan gilashi. Da zura hannu a jakarta da danna lambarta duk ɗaya ne. Haka wanda aka aika da kuɗin makaranta ko na Islamiyya ya karkatar da su wajen mai sayar da dayamon. Cin amana ne, kuma ya kamata a gaya wa yaro da sunansa, cikin natsuwa, tun yana ƙarami.

Kuma akwai nauyi a kan masu dukiyar. A farkon Suratun Nisa'i Allah ya hana a miƙa dukiya ga wanda bai san tattalinta ba, amma a wuri guda ya ce a ciyar da su, a tufatar da su, a yi musu magana mai kyau. Dubi yadda aka haɗa: a hana su riƙe dukiyar, amma kada a bar su tsirara, kada kuma a yi musu baƙar magana. Waya mai ɗauke da asusun banki a hannun ɗan shekara goma, ai makullin shago ne aka ba shi.

Kada kuma a ɗora wa yaro laifin duka. A watan Disamba na 2022 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, biyan dala miliyan 520. Daga ciki, miliyan 245 na mayar wa mutanen da tsarin wasan ya ja su sayen abin da ba su yi niyya ba, har da yaran da suka yi sayayya ba da yardar iyayensu ba. Wato manya ne masu ilimi suke zama su tsara yadda yatsan yaro zai faɗa kan maɓallin saye. Ɗanka ba da sa'ansa yake kokawa ba.

Tambaya ta biyu: me aka saya?

Alhaji, kai da ka je Kantin Kwari ko Balogun sayen shadda, kana biya kafin ka taɓa? Sai ka murza, ka ɗaga ta a haske, ka duba ko Getzner ce ta gaske ko an buga mata suna ne kawai. Hajiya in za ta sayi gwal sai an ɗora a sikeli. Wannan ba wayo ba ne kaɗai, shari'a ce: dole a san abin saye, a san farashinsa, a iya miƙa shi.

Kayan cikin gem kashi biyu ne. Akwai wanda ake nuna maka, ga shi ga farashinsa. Wannan ba ma gaggawar kiransa haram in kuɗin naka ne, siffar ba ta batsa ba ce, kuma bai hana ka salla ko karatu ba. Sai dai ka san abin da ka riƙe. A ƙa'idojin da ake danna amincewa da su ba tare da an karanta ba, kamfanonin suna bayyana cewa izinin amfani suka ba ka, ba mallaka ba. In sun rufe asusunka, kaya sun tafi. In gwamnati ta hana wasan, haka. Indiya ta hana PUBG Mobile a Satumba 2020, ta hana Free Fire a Fabrairu 2022, waɗanda suka zuba kuɗi suka wayi gari ƙofar shagon a rufe da kayansu a ciki. Tsohuwar rigarka ta shadda kana iya ba ƙaninka, a rage wa ɗanka ita, ko ta zama sadaka. Gwal ɗin Hajiya ranar da ta ɓaci shi ne jari. Wannan kuwa, Hausawa sun riga sun faɗa: kayan aro ba ya rufe katara.

Kashi na biyu shi ne mai hatsarin. Ana nuna wa yaro wata haɗaɗɗiyar riga, amma ba a sayar masa da ita. Sai dai ya biya a juya masa wani faifai, ko ya sayi akwati a rufe. Ko rigar ta fito, ko tarkace ya fito. In ba ta fito ba ya sake biya, zuciya tana ce masa saura kaɗan. 'Yan uwa, mene ne sunan wannan a Hausa? Cinikin biri a sama. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya hana cinikin garari, wato wanda ba a san ƙarshensa ba, ya kuma hana cinikin jifa da tsakuwa, inda mai saye zai biya ya jefa, tufar da tsakuwar ta faɗa wa ita ce tasa. Ku duba da kyau, faifan nan da ke juyawa a waya ba tsakuwar nan ba ce aka yi mata fenti? Kuma biyan kuɗi don jiran sa'a shi ne ruhin caca, wadda Suratul Ma'ida ta jera tare da giya. Ko ƙasar Beljiyam, da ba da Alƙur'ani take hukunci ba, tun 2018 hukumarta ta ce irin waɗannan akwatuna da ake saye da kuɗi caca ne. Yaron da ya saba da bugun zuciyar nan yana ɗan shekara goma sha biyu, in ya kai ashirin shagon cacar ƙwallo ba zai yi masa baƙunta ba. Wannan kashi a bar shi gaba ɗaya.

Tambaya ta uku: don idon wa?

Tufar gaske tana da aiki ko ba wanda ya gan ta: tana rufe tsiraici, tana tare sanyi da rana. Ta cikin gem ba ta da wani aiki sai a gani. A hadisin Asma'u 'yar Abubakar da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wata mata ta tambaya ko za ta iya nuna wa kishiyarta cewa miji ya ba ta abin da bai ba ta ba. Annabi (SAW) ya kamanta mai ƙawa da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya. To saurayin da mutum-mutuminsa yake sanye da sarƙar gwal da tabarau yana taƙama a gaban abokai, alhali datar ma rance ya ci, ya tsaya ya tambayi kansa wace riga ce a jikinsa.

Ba mu ce zanen sarƙa a wuyan mutum-mutumi daidai yake da namiji ya rataya gwal a wuyansa ba. Amma zuciya makaranta ce, abin da ka saba burgewa da shi, shi za ka nema in ka samu hali. Ku tuna ƙissar Ƙaruna a Suratul Ƙasas, ranar da ya fito wa mutanensa cikin adonsa. Ba shi kaɗai aka ba mu labari ba, har da 'yan kallo, waɗanda suka yi ta burin ina ma su ne. Bayan ƙasa ta haɗiye shi, su ɗin ne suka koma gode wa Allah da bai ba su irin nasa ba.

Kuma yaro ba daga sama ya koyo ba. Yana ganin manyan da ke cin bashi don anko, da masu jingina da motar wani su ɗauki hoto su ɗora a WhatsApp. Gidan da ake auna mutum da tsadar hularsa, ba za a yi mamaki ba in yaransa sun auna kansu da dayamon.

Iyayenmu mata, ga taku

Akwai abin da ya fi asarar kuɗi. A al'adarmu, namiji ba ya ba yarinya turmin atamfa haka kawai. In baƙo ya aiko wa 'yarki da zane da 'yan kunne, kin san sunansa toshi, kuma za a tambaya: ɗan gidan wa ne, me yake nufi? To a cikin waɗannan wasanni ana aika kyauta, ana kuma hira da wanda ba a sani ba. Mutum zai iya cewa shi ɗan shekara goma sha uku ne alhali ƙato ne da gemu. Yau ya saya wa mutum-mutuminta riga, gobe kitso, jibi ya ce ta ba shi lambar waya, gata ya nemi hoto. Toshi ne ya shigo har ɗaki bai bi ta zaure ba, ba wanda ya yi masa iso. A watan Agusta na 2024 Turkiyya ta toshe Roblox a ƙasarta saboda damuwa kan kare yara. Ku koya wa 'ya'yanku, mata da maza, cewa kyautar baƙo a waya hukuncinta ɗaya da kyautar baƙo a titi: ba a karɓa, kuma a zo a faɗa. Ku duba kuma irin shigar da yarinya take yi wa mutum-mutuminta. Wadda ke fita da hijabi har ƙasa amma ta zaɓa wa wakiliyarta kayan da ba su rufe komai ba, ba duka take buƙata ba, hira take buƙata da uwa.

Abin yi

Na farko, a canza lambar sirrin asusu yau, kuma kada a aiki yaro wajen mai POS da kati da lamba tare. A cire katin banki daga Play Store, a saita shi ya nemi lambar sirri kafin kowace sayayya. Wanda bai iya ba, matasan masallacin nan sun iya, a tsayar da ɗaya bayan salla.

Na biyu, a gaya wa yara babu dayamon na kyauta. Duk wanda ya ce a turo masa lambar da banki ya aiko don ya ba da kyauta, ɓarawo ne.

Na uku, in abin ya riga ya faru, kada uba ya huce a kan uwa, ita ma cutarta aka yi. A zaunar da yaro, a lissafa masa kuɗin da abin da ya sani: wannan mudun shinkafa kaza ne, wannan kwana kaza ne na tsayuwar babanka a rana. A sa shi ya biya da aikin gida ko daga kuɗin kashewarsa, sannan a yafe. In aka yi masa dukan kawo wuƙa, ɓoyewa zai koya, ba tuba ba.

Na huɗu, kuma shi ne babba. Mu matafiya ne, 'ya'yanmu suna girma muna jin muryarsu ne kawai. Kada kiran waya ya tsaya a kan an ga alat ko ba a gani ba. Alhaji, ka ce a ba ka yaron. Ka ce ya nuna maka wasan, ka tambaye shi su wa yake bugawa da su. Ka yaba masa in ya kai sabuwar sura. In ka je gida, ka riƙe hannunsa ku shiga kasuwar Wunti, ya zaɓi yadinsa da kansa, ya ji yadda ake taya kaya, ya ga yadda ake gane mai kyau. Ku yanko har da na wani maraya a layinku, ya kai masa da hannunsa. Ba a banza Allah ya sa tufatar da miskinai goma cikin kaffarar rantsuwa ba. Yaron da ubansa yake ganinsa, ba ya tsananin buƙatar baƙi su gan shi.

Ku kuma samari da 'yan mata da wannan takarda za ta iso hannunku, nan Legas ko can gida: ba mu ce ku daina wasa ba. Ku yi wasa in kun sauke salla da karatu da aiken iyaye. Amma Tirmizi ya ruwaito cewa ranar ƙiyama za a tambayi bawa game da dukiyarsa ta fuska biyu, inda ya samo da inda ya kashe. Ku tanadi amsar da ba za ku ji kunyarta ba. Wanda ya taɓa ɗaukar na mahaifiyarsa, ya je ya faɗa mata kafin a gano, uwa ba ta ƙin yafe wa ɗan da ya zo da kansa.

Dukkanmu dai riga ɗaya ke jiranmu, fara, ba aljihu, ba aiki a wuya, kuma wani ne zai sa mana.

Allah ka suturta mu duniya da lahira. Allah ka sa albarka a neman da muka fito, ka tsare mana iyalanmu da ke Ɗan Iya da duk inda suke, ka shiryar da zuriyarmu, ka tufatar da mu da tufar taƙawa. Allah ka mayar da kowane matafiyi gida lafiya. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.